Manaja Ba Ya Nan

Duk wanda ya nemi a buga masa takardar neman aiki ko ta koke a Gumel a ƙarshen shekarun casa'in ya san Maman Hope. Ita ce matar nan mai tabarau da ke zama a gindin darbejiya kusa da tashar mota, da tafireta a kan tebur, da wata tsohuwar akwatin ƙarfe a ƙarƙashin ƙafarta. Masu wucewa suna ɗauka haka ta tashi. To, ba haka ta tashi ba. Ma'aikaciyar ofis ce mai kujera da fanka, kuma abin da ya fito da ita gindin bishiya kalma ɗaya ce tak, wadda wani babban mutum ya karanta da girman kai maimakon ido.

Sunanta Agnes. A wani ƙauye kusa da Pankshin aka haife ta, a Jos ta koyi buga tafireta, aure kuma ya kawo ta Gumel a shekarar 1983 tare da mijinta Ephraim, malamin dabbobi. Da ya rasu a 1992 danginsa suka ce ta tattara ta koma gida. Ta ce wane gida, alhali 'yarta Hope a nan aka yanke mata cibiya, Hausar Gumel ce a bakinta, makarantarta kuma tana nan. Sai ta riƙe aikin da ta samu a ofishin wani shiri na rigakafin dabbobi, wanda ke kula da Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Aikin kwantiragi ne, takarda ɗaya ta isa ta raba mutum da shi, amma shi ne rufin asirinta, har ɗakin da suke kwana ita da Hope na ofishin ne.

Halaye biyu aka san ta da su, kuma duka biyun an yi mata dariya a kansu. Na farko, tafiretar ofis ba ta da haruffa masu ƙugiya, don haka in ta gama buga takarda sai ta ɗauki biro ta bi tana lanƙwasa wa kowane harafi ƙugiyarsa, don kada Ɗanzomo ya isa Kano a matsayin wani gari dabam. Na biyu, ba ta taɓa gyara takarda ba tare da ta ajiye kwafin yadda take da farko ba. In da kabon, da kabon. In babu, da hannu a littafin rubutu. Abokan aiki suna ce mata mai tara shara, ita kuwa ko ta kansu ba ta bi.

Shugaban ofishin Alhaji Nasrullahi ne, manaja, kuma ba ya son a manta. An rubuta a ƙofarsa, an rubuta a kan teburinsa, har a jikin butarsa an rubuta da fenti. Abin da kawai ba a cika samu a ofishin ba shi ne shi kansa. Litinin yana gonarsa ta Gagarawa. Talata ta'aziyya. Laraba yana sauke gajiyar ta'aziyyar. Alhamis kuwa ko mahaukaci ba zai neme shi ba, don ranar kasuwar Maigatari ce, yana can cikin kara yana shafa tozon shanu yana gyara wa dillalai magana. Takardu sukan jira shi a kan tebur, Agnes ta jera su, ya zo ranar Juma'a ya zazzaga musu sa hannu ba tare da ya karanta ko ɗaya ba.

Bayan damina ta 1997 hedikwata a Kano ta aiko da kwamfuta, da sanarwa cewa daga yau ba a karɓar rahoto a takarda, sai ta cikin na'urar, ta layin tarho. Tare da ita aka aiko da wani injiniya mai suna Kingsley, ɗaure da laktaye a cikin wannan zafi, yana magana kamar shi ya ƙera ta. Ranar Laraba ce, amma Manaja ya zo, saboda an ce za a ɗauki hoto. Kingsley ya jona wayoyi, ya danna nan ya danna can da sauri don kada kowa ya ga abin da yake yi, rubutu ya yi ta gudu a gilashin, aka tafa masa. Da ya ga la'asar ta yi, motar Kano za ta cika, sai ya miƙa wa Agnes wani ɗan faifai.

"Madam, abu mai sauƙi ne," in ji shi. "Umarni ne a jere a ciki, zai buɗe wa kowane gari akwatin saƙonsa. Gobe ki kunna, ki sa faifan, ki danna nan. Ko yaro zai iya."

Ya bar wani littafin bayani mai kaurin bulo, ya tafi. Aka kashe janareto, aka rufe kwamfuta da zani. Littafin kuwa kafin a tashi har ya samu aiki, don sakatar tagar Manaja ta lalace, da shi aka tokare ta.

Washegari Alhamis Agnes ta kunna, ta sa faifai, ta danna inda aka ce. Na'urar ta ɗan yi gurnani, sannan ta rubuto layi ɗaya da Turanci, ta yi shiru. Baba Cindo direba yana tsaye a bayanta. Dattijo ne da ya shekara tara yana jan babbar mota zuwa Ikko, inda ya ɗebo Turancin da ya ishe shi faɗa a hanya. Ya leƙa, ya haɗa haruffan a hankali, sai ya ja da baya yana salati.

"Maman Hope, kin ga abin da ta ce? Ta ce manaja ba ya nan!"

Kuma gaskiya ne, ba ya nan, yana Maigatari. Kafin azahar labari ya gama gari cewa an kawo wa ofishin dabbobi na'urar da ke gane wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba. Ma'aikatan wasu ofisoshi suka yi ta zuwa kallo, suna komawa jiki a sanyaye.

Da Manaja ya ji ranar Juma'a, sai da hularsa ta karkace. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wayar nan da ta fito daga bayan na'urar ta nufi Kano. Ya sa aka kunna, ya ja kujera ya zauna daf da gilashin, ya gyara babbar riga, ya ce, "To, ga ni. Madam, sake danna mata." Ta danna. Na'urar ta sake cewa ba ya nan. Ya matso har numfashinsa yana dusashe gilashin. Ta ce ba ya nan. Ya aika gida aka ɗauko takardar da aka naɗa shi manaja, ya manna ta a fuskar kwamfutar ya riƙe har hannunsa ya gaji. Ba ta canza magana ba.

Kusan mako uku cur mutumin nan ya yi yana zuwa ofis ƙarfe takwas, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka kafa shirin. Gonar Gagarawa ta yi kewarsa, matattu suka tafi ba ta'aziyyarsa. Aka buga wa Kingsley waya, ya ce a kashe a kunna. Aka kashe aka kunna. Aka sake bugawa, ya ce a kashe a daɗe kafin a kunna. A karo na uku aka ce ya tafi Kaduna, kuma daga ranar bai dawo daga Kaduna ba.

Agnes dai Turancinta ba na hanyar Ikko ba ne, kuma tun ranar farko ta lura kalmomin ba su tsaya inda Baba Cindo ya tsaya ba. Ta yi ta haɗiye maganar, har ranar da tausayin mutumin ya kama ta, ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai wata kalma a gaban manajan. Cewa take manajan layi. Ina jin ba kai take nema ba."

Manaja ya juyo da kujerarsa a hankali.

"Ba ni take nema ba? Layin nan daga Gumel har bakin iyaka wa ke riƙe da shi? Akwai wani manajan ne da ku kuka sani, ni ban sani ba?"

"Ba mutum nake nufi ba, Yallaɓai. Wani abu ne a cikinta."

"Au, ni ne ba mutum ba, ko shi?"

Daga nan ya sa ta buɗe masa abin da ke cikin faifan. Bai fahimci ko layi ɗaya ba, amma a can sama ya hango kalmar manaja, a gefenta an rubuta GML1. Nan take fuskarsa ta washe, ya gano bakin zaren. Yaya za a yi na'ura ta san shi, alhali an ba ta sunan wani ɗan banza? Ya ba da umarni a goge, a rubuta ALHAJI NASRULLAHI, da manyan baƙaƙe. Agnes ta so ta yi magana, ta tuna abin da maganar ɗazu ta jawo mata, sai ta ja kujerarta gaban na'urar. Amma kafin ta taɓa ko harafi ɗaya sai da ta ciro littafinta ta kwafe duk abin da ke cikin faifan da hannu, Manaja yana tsaki yana cewa wannan mata da ɓata lokaci take. Aka sa sunan, aka danna. Na'urar ta ce ba ya nan, wannan karon ma da cikakken sunansa.

A mako na uku Bappa ya zo daga rugarsu da ke bayan Ɗanzomo. Tsohon abokin marigayi Ephraim ne, ba ya shigowa Gumel bai kawo wa Hope nono ba. Ya ce shanu sun fara tari, biyu sun kwanta, kuma makwabta ma haka. A da, Agnes za ta buga rahoto, Baba Cindo ya ba direban motar Kano, cikin kwana uku allura ta iso. Yanzu Kano ba ta karɓar takarda. Bappa ya tsuguna a bakin ƙofa ya dubi abin da aka lulluɓe da zani, ya ce, "Malama, wannan ce ta hana?" Ta ce ita ce. Kunya ta kama ta kamar ita ta kawo ta.

A ranar ne kuma Manaja ya kai ƙarshen bincikensa. Wa ke taɓa maɓallan na'urar? Agnes. Wa ya ce akwai wani manajan? Agnes. Ya rubuta takardar sallama da hannunsa, ya ajiye a gabanta, ya ce, "Nan da Juma'a, in abar nan ba ta daina zagina ba, ke za ki buga wannan da kanki."

Ta karanta takardar har ƙasa, kamar yadda take karanta kowace takarda. Tsoro ya kama ta sosai, don Hope saura mata shekara guda ta gama ƙaramar sakandare, kuma ɗakin zai tafi tare da aikin. Da Manaja ya fita salla sai ta je tagarsa ta zare littafin bayanin, ta tokare tagar da bulo na gaske. Babu wanda ya lura da bambancin.

Kwana uku tana fama da shi, a lokacin cin abinci da kuma da yamma a ƙofar ɗaki kafin rana ta faɗi, da yatsa a kan layi da ƙamus ɗin Hope a gefe. Turancin littafin irin na mutanen da ba sa son a gane su ne, amma wadda ta shekara goma sha huɗu tana karanta rubutun hannun manyan ma'aikata ba a tsorata ta da wannan. A hankali abin ya fito fili. Manajan nan wani ɗan aiki ne a cikin na'urar, kamar ɗan kamasho a tasha: shi ke jera saƙonni a layi, ya loda su, ya sallame su. In bai fito ba, ga mota ga fasinja, amma ba mai motsi. Kuma duk lokacin da wuta ta ɗauke sai ya kwanta, ba ya tashi sai an kira shi da sunansa an tashe shi. Kingsley ya tashe shi da hannu ranar hoto, cikin wannan danne-danne na burga, bai gaya wa kowa ba. Shawararsa ta a kashe a kunna kuwa, kullum ƙara kwantar da shi take yi.

Ranar Alhamis Manaja ya kasa daurewa, kasuwa ta kira shi, ya tafi. Agnes ta roƙi mai janareto ya kunna. Ta fara da abin da littafin ya ce a fara da shi, ta tambayi na'urar ko manajanta a farke yake. Ta amsa cewa a tsaye yake cik. Sai ta buɗe littafinta na kwafi, wanda ake kira shara, ta samo sunan nan GML1, ta buga umarnin tashinsa harafi bayan harafi. Na'urar ta yi ɗan nazari, ta ce ya tashi. Ta sa faifan, ta danna.

Manaja ba ya nan.

Baba Cindo, wanda Manaja ya bari a ofis saboda a motarsa ta gida ya tafi kasuwar, ya ce, "Maman Hope, ki haƙura, abin nan da aljanu a ciki." Ta sake karanta layin har ƙarshe, sai ga shi ɓaro-ɓaro: wanda ba ya nan ɗin ALHAJI NASRULLAHI ne. Ta tashi mai aikin, amma faifan yana can yana kiran mai rawani. Dariya ta kuɓuce mata har da hawaye. Ta goge sunan, ta mayar da na asali, ta danna. Rubutu ya fara gudu: akwatin Gumel ya buɗe, na Maigatari, na Gagarawa, na Sule Tankarkar. Ta buga rahoton Bappa ta aika. Kafin azahar amsa ta zo cewa allura tana hanya, tare da tarin saƙonnin mako uku da ke jira a Kano, rabinsu tambaya ce ko mutanen Gumel suna raye.

Da yamma ta zauna a kan tafiretarta ta buga matakan duka a shafi ɗaya, cikin Hausa mai sauƙi, da kabon a ƙasa, ta bi ta sa wa haruffa ƙugiya. Ta kwana da murna, a zatonta ta tsira. Wannan ita ce wautar da Agnes ta yi a duk labarin nan, ta ɗauka mutumin gyara yake nema.

Da safiyar Juma'a ta tashi na'urar kafin ya iso. Ya shigo aka tare shi da albishir. Ya tsaya, ya tambaya yaushe ta gyaru. Aka ce jiya. Ya ce jiya da yana ina?

"Wato mako uku ina zaune a gabanta tana ƙaryata ni," in ji shi, "ranar da na ba da baya ta buɗe baki. A hannun wa? A hannunki. Ashe ke ke buɗe bakinta, ke ke rufewa."

"Ranka ya daɗe, ga shi na rubuta yadda ake yi. Kowa zai iya. Sai an fara tashin..."

"Ni za ki koya wa aikina?" Ya karɓi shafin, bai kalle shi ba, ya yayyaga ya zuba a kwandon shara. "Kuma wa ya ba ki izinin cire sunana? Buga takardar nan. Tunda kin iya, ta cikin na'urar za ki aika."

Ta buga. Babu kuskure ko ɗaya a ciki, ta ma gyara masa kalmomi biyu da ya rubuta ba daidai ba. Ita ce saƙo na biyu da ya taɓa fita daga akwatin Gumel, kuma ya isa Kano cikin ƙiftawar ido. Ta tattara littattafanta na kwafi cikin akwatin ƙarfe. Ta fito ba ta yi kuka ba sai da ta isa ɗaki, ta ga kayan makarantar Hope a kan igiya.

Wata 'yar cocinsu ta ba su ɗaki a bayan gidanta, suka kwashe ranar Asabar. Ranar Litinin da hantsi Agnes tana zaune a ƙofar sabon ɗakin tana tsince shinkafa, sai ga Baba Cindo a motar ofis. Ya fito yana sosa ƙeya, ya gaishe ta, ya tambayi kwanan baƙunta, ya yi ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe ya ce an kunna janareto da safe, Manaja da kansa ya zauna ya danna, ga baƙi daga Kano sun kawo allurar Bappa suna tsaye a kansa, abar kuma ta koma maganarta ta da. An zazzage kwandon shara ana neman shafin da ya yayyaga, an tarar mai sharar ofis ta riga ta ƙone shi.

"Ya ce ki zo yanzu-yanzu, Maman Hope. Ya ce minti biyar kawai."

Akwatin ƙarfen tana nan a gefenta, kwafin kabon yana ciki, a saman komai. Ta tambaya ko allurar ta wuce Ɗanzomo, ya ce tun safe aka tafi da ita. Ta gyaɗa kai, ta cire wata 'yar tsakuwa daga cikin shinkafar ta yar.

"Baba Cindo," ta ce, "koma ka ce masa ka zo, ka duba da kyau, mai tafireta ba ta nan."

Dattijon ya tsaya yana kallonta, ga ta zaune a gabansa da faranti a cinya. Sai ya gyara hularsa, ya shiga mota, ya tafi ya faɗa kamar yadda aka gaya masa.